Burtun da Ba Ya Fita Ranar Lahadi

Akwai wani mutum a wani ƙauye a gindin duwatsu, sunansa Ranau. A ƙuruciyarsa maharbi ne, kuma a duk yankin babu wanda ya kai shi iya shigar burtu. Saboda waɗanda ba su taɓa gani ba, burtu wani babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki, wanda ya fi son tafiya a ƙasa yana tsince-tsince. Namun daji ba sa gudunsa, gama ba ya cutar da su. To, sai maharbi ya sassaƙa kan burtu da itace, ya ɗaura a goshinsa, ya yafa baƙin zane a bayansa, ya duƙa yana tafiya yana gyaɗa kai kamar mai neman fara. Barewa ta ɗaga kai ta gan shi, ta ce ai burtu ne, ta ci gaba da kiwonta. Kafin ta farga, kibiya ta same ta.

Da shekaru suka ja, daji ya ƙare, gwiwa kuma ta fara ƙara, sai Ranau ya rataye kan burtun a ƙuryar ɗaki, ya rungumi fartanya, ya zama manomi kamar kowa.

Gonarsa tana iyaka da ta wani mutum mai suna Arzika. Tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki, rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi. A kan iyakar gonakin nan biyu kuwa akwai wata tsohuwar ɗorawa. Wata shekara ta yi 'ya'ya har rassanta suka sunkuya. Rahila, matar Ranau, tana son kalwa ta yi daddawa. Tabawa, matar Arzika, ita ma haka. Da an bar matan, da sun raba sun wuce wurin. Mazan ne suka sa baki. Wannan ya ce kakansa ne ya dasa ta, wancan ya ce saiwarta a gonarsa take sha. Magana ta yi tsawo har gaban mai unguwa, a nan ne kuwa Arzika ya ce a gaban jama'a, "Daga yau, ko ƙishi zai kashe ni, ba zan sha ruwa daga hannun Ranau ba."

Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Shekara bakwai ba su gaisa ba. Ɗorawa ta yi ta zubar da 'ya'yanta, awaki da birai suna ci, domin kowannensu ya hana matarsa taɓawa. Majami'a ɗaya suke zuwa. Ranau ya zauna ta gabas, Arzika ya zauna ta yamma, su raira waƙa ɗaya, su ce amin ɗaya, in an tashi kowa ya bi tasa ƙofar.

Ana nan, a farkon wata damina, bayan an yi shuka gero ya tsiro, sai iska ta ɗage jinkar rumbun Arzika. Ya hau gyarawa, tsani ya zame, ya faɗo, ƙafarsa ta karye. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ta da karare, ya ce kada ya taka ta sai bayan wata guda da rabi. 'Ya'yansa mata duk sun yi aure a nesa, ɗansa ɗaya kuma yana aiki can kudu. Tabawa ita ma ta manyanta, ga jinya, ga girki, ga ɗebo ruwa.

Sa'ad da labarin ya kai kunnen Ranau, abin da ya fara zuwa zuciyarsa ba tausayi ba ne. A ransa ya ce, "Yau za mu ga mai ƙin shan ruwa." Bai gaya wa kowa ba, amma ya ji daɗin tunanin nan kamar mai tsotsar tsamiya.

Damina ba ta jiran gurgu. Ruwa ya yi ta sauka, ciyawa ta taso a gonar Arzika, harƙiya ta miƙe ta fara shaƙe geron. Dattawan ikilisiya suka je duba shi, suka ce za a yi masa gayya, a taru a nome gonar a wuni ɗaya. Arzika ya san in aka yi gayya Ranau yana iya shiga, kuma dama shi mutum ne mai cewa gayya ta malalata ce. Sai ya ce, "Na gode, amma lafiyata ƙalau. Jibi zan fita da kaina." Jibi ta zo ta wuce, wata jibin ma ta wuce.

Gidan Arzika yana kan tudu a bakin ƙauye, gonar kuma tana can ƙasa, hayin wata ƙorama. Kullum da safe sai ya sa a fito da shi rumfar ƙofar gida, ya jingina da bango, ya zuba wa gonar ido daga nesa. Wata rana mutum biyu daga ikilisiya suka shiga da fartanyoyi ba tare da sun tambaye shi ba. Ya hango su, ya aiki Tabawa ta sallame su.

Ranau kuwa kullum yana tasa gonar, kullum yana ganin ta maƙwabcinsa. Ran nan ya kai bakin iyaka da noma, ya ɗaga kai, ya ga geron Arzika ya fara yin rawaya, ya siranta, ciyawa ta kere shi. Manomi ba ya iya kallon haka ransa ya yi daɗi, ko gonar ta maƙiyinsa ce. Ya tuna rumbun gidan nan ba zai kai su wata kaka ba in wannan ta lalace. Ya tuna Tabawa, wadda ba ta taɓa yi masa laifin komai ba. Sa'an nan ya tuna daɗin da ya ji ranar da ƙafar ta karye, kunya ta kama shi. Ya zauna a kan kunya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya Ubangiji, ka ga abin da ke cikina. Ka gafarta mini. Ina so in taimaki mutumin nan, amma ba zai karɓa daga hannuna ba. Ka nuna mini hanya."

Da ya koma gida ya ci abinci, ya kishingiɗa, idonsa ya sauka a kan tsohon kan burtunsa, yana rataye, yanar gizo ta lulluɓe shi. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tashi ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya shafa masa man gyaɗa, ya canza igiyar da ta ruɓe.

Rahila ta shigo ta same shi. Ta ce, "Maigida, wace barewa ce ta rage a ƙasar nan?"

Ya ce, "Ciyawa zan farauta. Ki ara mini baƙin zanenki."

Ta dube shi, ta dubi wajen da gidan Arzika yake, ta gane. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Da wannan bayan naka?" Amma ta ɗauko zanen.

Kashegari da safe ya bi ta cikin ƙorama, inda gaɓa ke ɓoye mutum. Da ya zo daidai gonar Arzika sai ya ɗaura kan burtun, ya yafa zanen, ya riƙe gajeriyar fartanya a ƙarƙashi, ya hauro a duƙe. Mai noma dama a duƙe yake, kansa yana sauka yana tashi. Daga tudu, duk wanda ya hango sai ya rantse burtu ne ke tsintar fara. Manomi kuwa ba ya korar burtu, gama yana cinye masa fari da macizai.

Ranau ya kama kunya ta farko, gabansa yana faɗuwa, yana jiran ya ji an kwaɗa kira daga tudu. Shiru. Ya gama ta, ya kama ta biyu. Wahalar ɗaya ce, ba shi da ikon miƙewa. In bayansa ya ƙage, sai ya rarrafa ya gangara ƙorama, ya miƙe a can, ya dafa ƙugu ya yi nishi, ya sha ruwa, ya sake haurowa. Da rana ta take sai ya koma gida, ya huta kaɗan, da yamma ya shiga tasa gonar. Rahila ta gasa masa baya da ruwan zafi tana yi masa tsiya.

A rana ta biyu wani burtu na gaskiya ya sauko daga duwatsu. Ya tsaya nesa kaɗan, ya karkata kai, ya ƙare wa Ranau kallo da ido ɗaya, kamar yana cewa wannan ɗan'uwa daga wane gari. Da ya ga inda fartanya ta tona tsutsotsi da gyare suna fitowa, sai ya daina tambaya, ya bi bayansa yana tsinta. Tun daga ranar kusan kullum tare suke aiki, ɗaya yana noma, ɗaya yana ci.

A rana ta uku Ranau ya gangara ƙorama ya miƙe, kan burtu a goshinsa, zane a kafaɗa, sai ga Tabawa a gabansa da tulu. Suka yi ido huɗu. Ta dubi fartanyar, ta ɗaga kai ta dubi kunyoyin da aka nome fes. Ta kau da kai kamar ba ta ga kowa ba, ta cika tulunta, ta tafi. Kashegari da ya zo, ya tarar da ƙwaryar kunun tsamiya a gindin ɗorawa, an rufe da faifai. Haka ya riƙa samu kowace safiya. Daga baya ne ya ji cewa duk ran da mijinta ya tambaye ta abin da ta gani a gona, sai ta ce, "Geronka yana nan, ya fara farfaɗowa. Ka sha maganinka."

Asabar ta zo ta wuce. Ran Lahadi Ranau ya sa farar rigarsa ya tafi sujada. Litinin ya koma. Ya yi wani makon cur, ya sake hutawa ran Lahadi. Gonar da dā ta zama kamar makiyaya ta koma layi-layi, geron ya yi kore shar, yana kaɗawa.

Ran Talata saura 'yan kunyoyi kaɗan a kusa da ɗorawa. Yana cikin aiki sai ya hango wata tsohuwa tana gangarowa daga tudu. Ta lulluɓe kanta da zane har fuska, ga ƙwarya a hammata kamar mai neman ganyen miya, tana dogara sanda, tana tafiya da ƙyar. Ta daɗe kafin ta ƙetare ƙorama. Ranau ya so ya gudu, amma in ya miƙe asirinsa ya tonu, in ya rarrafa kuma tana kan hanyarsa. Sai ya ƙara duƙawa, ya ci gaba da gyaɗa kai. Abokin aikinsa na gaskiya kuwa, da ya ga mutum, ya yi tafiyarsa.

Tsohuwa ta iso gindin ɗorawa, ta zauna a kan saiwa tana haki. Can ta ce da wata siririyar murya, "Sannu da aiki, burtu."

Ranau bai amsa ba. Ta ƙarƙashin zane ya leƙa, bai ga komai ba sai ƙafafu. Manya ne, masu faso, ɗaya kuma an ɗaure ta da karare tun daga idon sawu har gwiwa. Fartanya ta kusa suɓuce masa.

Tsohuwar ta ce, "Na daɗe a duniya, na ga tsuntsaye iri-iri. Na ga mai tashi, na ga mai iyo. Amma ban taɓa ganin burtun da ke bin kunya a miƙe ba, ya kai ƙarshe ya juyo. Wannan ma na ce ko baiwa ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Lahadi biyu ke nan ina dubawa, ba ka fita. A wace majami'a kake sujada?"

Dariya ta taso wa Ranau, ya danne ta, har kan burtun yana rawa.

Da tsohuwar ta sake magana, muryar ta daina siranta, ta koma muryar da Ranau ya sani tun suna yara. "Tun da kai tsuntsu ne mai yawo, ko ka san wani mutum wai shi Ranau?"

Burtu ya gyaɗa kai.

"To, in ka gan shi ka isar masa da saƙo. Ka ce wani tsoho mai taurin kai ya ce, maganar da ya faɗa a gaban mai unguwa ta daɗe tana cin ransa. Tun shekarar farko ya so ya janye ta, ya rasa ƙofar da zai bi. Ka ce masa ɗorawa tasa ce, har inuwar. Ka ce ya yafe."

Daga ƙarƙashin zanen Ranau ya ce, "Iya, saƙo ya isa. Shi ma Ranau ɗin ya ba ni nasa. Ya ce in na ga mai gonar nan in gaya masa, ranar da ya ji ƙafarsa ta karye, murna ya fara yi kafin tausayi. Wannan ya fi waccan maganar muni, don ita a fili aka faɗe ta, tasa kuwa a ɓoye take. Ya ce a yafe masa. Ɗorawa kuma ya ce a bar wa mata, su suka san amfaninta."

Tsohuwa ta sa gefen zane ta share fuska. Ta ce, "An yafe. Yanzu ka tashi ka miƙe, Ranau, kada bayanka ya karye mu zama guragu biyu."

Ranau ya yunƙura zai miƙe, bayan ya ƙi. Ya tsaya a rabi, hannu a ƙugu, dogon bakin itace yana nuna sama. Arzika ya yaye lulluɓinsa, ga furfura, ga gemu, ga zanen mata mai furanni a wuya. Suka dubi juna. Ba a san wanda ya fara ba, sai dai dariya ta kwashe su, suka yi ta yi har hawaye, har Arzika yana roƙo a bari saboda ƙafarsa. Da suka lafa, Ranau ya ɗauko ƙwaryar kunun nan, ya buɗe, ya miƙa wa abokinsa da hannu biyu. Arzika ya karɓa ya sha.

Ranau ya ce, "Kai kuma me ya kai ka shigar tsofaffi?"

Arzika ya ce, "In na zo da fuskata za ka gudu. Kuma na cika baki na ce lafiyata ƙalau, ina zan yarda gari ya gan ni ina jan ƙafa? Amma gaskiyar ita ce, da fuskata ba zan iya faɗin abin da na faɗa ba."

Suna cikin haka sai ga Tabawa, ta dawo daga niƙa ba ta ga miji ba, ba ta ga zanenta ba. Ta tsaya ta dube su, ta ce, "Mai ɗori ya ce wata guda da rabi. In ƙafar nan ta goce, burtu ne zai yi jinyarka. A ba ni zanena." Ranau ya goya abokinsa a ƙagaggen bayan nan nasa, suka haura tudu, suna tsayawa suna hutawa, mutanen ƙauye suna fitowa kallo.

Da lokacin noma na biyu ya yi, Arzika da bakinsa ya roƙi a yi masa gayya. Aka taru aka nome gonar kafin azahar, aka juya aka nome ta Ranau, wadda ta ɗan sha ciyawa saboda rabin ƙarfin mai ita ya tafi wani wuri. Da kaka ta yi, rumbunan gida biyu suka cika. Mutanen ƙauyen kuwa suka daɗe suna gardama a kan sunan da za a ba abin. Wani ya ce shigar burtu ce tsantsa. Wani ya ce basaja ce. Wani mai barkwanci ya ce shi dai yau ya ga sojan gona na gaskiya, wanda ya shiga gona ya yi yaƙi da ciyawa.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta.

Harshenmu yana da kalmomi da yawa na ɓoye kama, kuma in kun lura, yawancinsu ba na yabo ba ne. In aka ce wane ya yi mana shigar burtu, ana nufin ya zo da siffar wanda ba a tsoro don ya matso kusa ya cuce mu. In aka ce sojan gona, mutum ne ya ari suna ko rigar da ba tasa ba don ya ci da ita. Angulu da kan zabo, mugun abu ne aka sa wa kyakkyawar fuska. Kura da fatar akuya kuwa ba sai na fassara ba. Haka rufa-rufa, wato a yi ɓarna a tattake ta da ƙasa kada a gani. Duk waɗannan mai yin su kansa yake yi wa, wani kuma shi ke biya da hawaye.

Amma akwai wasu kalmomin, su ma na rufewa ne, da muke roƙon Allah ya ba mu. Muna cewa Allah ya rufa asiri. Muna kiran tufafi sutura. In mutum ya yi kyauta ya ce a sakaya sunansa, ba ma kiransa mayaudari. Hannu ɗaya ne ke rufe rami don wani ya faɗa, shi ne kuma ke rufe jariri don kada sanyi ya kama shi.

Ranau kan burtu ɗaya gare shi. Da shi ya kashe barewa, da shi ya ceci gero. Itacen bai canza ba, zuciyar da ke ƙarƙashinsa ce ta canza. Da farko ya ɓoye kansa don ya ɗauka, daga baya ya ɓoye kansa don ya bayar, kada kuma mai karɓa ya ji kunya. Ku lura kuma, bai yi ƙarya da bakinsa ba. Da aka tambaye shi, gaskiya ya faɗa, har da wadda ba a tambaye shi ba. Tabawa ma ta gani ta kau da kai, ba don ta rufe mugunta ba, sai don ta ba alheri wuri ya gama aikinsa. Akwai shirun da yake hidima ne.

To, wa ya fi kowa ɓad da kama a cikin labarin nan? Ba mai kan burtu ba ne, ba kuma mai zanen mata ba. Mutumin nan ne da ke kwance da karyayyiyar ƙafa, gonarsa tana mutuwa, yana cewa, "Lafiyata ƙalau." Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, rawani kuwa rufe fuska yake yi. Shekara bakwai mutum biyu suna shiga ɗakin Allah da fararen riguna, kowannensu da gaba a ƙarƙashin rigarsa. Wannan ita ce basajar da ta fi yawa a cikinmu, kuma ba a sayen ta a kasuwa. Wani yana nan zaune yau, gidansa babu hatsi, an tambaye shi ya ce sai godiya. Wata tana murmushi, ta yi wata uku ba ta gaida matar ƙaninta ba. Allah ba daga tudu yake hangen mu ba, balle baƙin zane ya ruɗe shi. Yana ganin ƙarƙashin kowane lulluɓi, kuma bai gani don ya kunyata mu ba.

Ku tuna da Ubangijinmu Yesu. Bai zo mana da alkyabbar sarauta ba, gama da mun gudu kamar barewa. Ya zo cikin talauci, a gidan masassaƙi, ya ci abin da muke ci, ya gaji kamar yadda muke gajiya. Sai dai shi ba shigar mutum ya yi ba, mutum ya zama na gaske. Ya matso kusa da mu muna gaba da shi, ya yi mana aikin da ba za mu iya yi wa kanmu ba, ba mu roƙa ba, ba mu kuma cancanta ba. Maharbi yana matsowa don ya ɗauki rai. Shi ya matso don ya ba da nasa.

Saboda haka, in za ka ɓoye wani abu a makon nan, ko sunanka, ko aikinka, ko abin da ka sani game da wani, ka tambayi kanka tambaya ɗaya. Babu lulluɓin da ba a yayewa, ko yau ko gobe. Ranar da aka yaye nawa, wanda na ɓoye wa zai yi kuka ne, ko zai yi godiya? In kuka zai yi, ka cire shi tun yanzu da hannunka, ka je ka nemi gafara. In godiya zai yi, ka ci gaba da aikinka shiru, kada ka damu ko an san kai ne.

In kuma kai ne mai karyayyiyar ƙafa, aka tambaye ka lafiya a bakin ƙofa in mun tashi, ka daure ka faɗi gaskiya. Akwai masu fartanya a cikinmu da suka daɗe suna jira ka ce su shigo.

Ubangiji ya suturta mu da alherinsa, ya kuma ba mu fuska ɗaya a gabansa da gaban juna. Amin.